Har Ruwa Ya Kai Gonar Ƙarshe

Karatunmu: Ayyukan Manzanni 6:1-7 da 1 Timoti 3:1-13

 Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda watakila yanzu haka ƙafafunsu suna cikin laka, rediyo kuwa an rataye shi a reshen darbejiya a bakin gona. Sannunku da aiki. Allah ya sa albarka ga abin da kuka shuka.

Duk wanda ya taɓa yin ban ruwa a wannan yanki namu ya san gonakin da ke bin kanal ɗaya ba daidai suke ba. Akwai gonar da take kusa da ƙofar ruwa, akwai kuma wadda take can ƙarshen layi. Mai gonar farko ruwa yakan same shi da sassafe, da ƙarfinsa. Mai gonar ƙarshe kuwa sai ya jira abin da 'yan'uwansa suka bari. In sun ji tausayinsa, tumatirinsa ya rayu. In sun toshe hanya, sai ya tsaya yana kallon shukarsa tana yanƙwanewa, alhali yana jin ƙarar ruwa a gonar maƙwabcinsa. Saboda haka wanda yake so ya san halin mutanen da ke kan wani kanal, sai ya taka har gonar ƙarshe ya duba.

Yau muna so mu waiwayi tarihin bangaskiyarmu a ƙasar Kano da wannan ma'auni a hannu. Za mu ga yadda bishara ta iso gare mu, da yadda shugabancin ikilisiya ya dawo hannunmu, da kuma yadda ruwan Tiga ya zo ya gwada abin da muke furtawa ranar Lahadi.

Gidan kakanninmu

Yawancinmu masu bi da ke ƙauyukan Rano da Bunkure da Sumaila da Tudun Wada, har zuwa Karaye da Rogo, jikokin Maguzawa ne. Kakanninmu Hausawa ne gaba da baya, ba su da wani harshe sai Hausa, amma sun riƙe bautar iskoki ta dā. Sukan yanka kaza ko akuya kafin shuka, sukan dafa giya ranar biki. Sun yi zama ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin sarakunan Musulmi, suna biyan haraji, suna cin kasuwa ɗaya da maƙwabtansu, an kuma san su da ƙarfin noma.

Zamansu zaman gandu ne. Maigida da 'ya'yansa maza da ƙannensa suna noma babbar gona tare, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Maigida ne mai rumbu, amma shi ne kuma mai ɗaukar nauyin haraji, da kuɗin auren samarin gidan, da abincin tsohuwa da na maraya. In aka ji wani ya kwana da yunwa a gidan, sunan maigida ne ya ɓaci. Ba mu ce duk abin da kakanninmu suka yi daidai ne ba, gama sun yi zaman tsoron iskoki, giya kuma ta cinye rumbuna da yawa. Amma sun san abu ɗaya wanda ya kamata kowane dattijon ikilisiya ya sani, wato babba juji ne, kuma wanda ke riƙe da mabuɗin rumbu shi za a tambaya in ƙaramin gida bai ci ba.

Ƙofar da ta ƙi buɗuwa

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Su ne tushen mishan ɗin da aka sani da SIM. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida. A 1900 kuma Bishop Tugwell na CMS ya iso birnin Kano da ƙaramar ƙungiya, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sarkin Kano Alu ya umarce su su bar garin cikin 'yan kwanaki. Sai suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu.

Kada mu yi saurin ganin laifin Sarki. Baƙi ne da suka shigo ba da izini ba, a daidai lokacin da sojojin Ingila suke matsowa arewa, ga shi kuwa a 1903 suka ci Kano da yaƙi. Bayan wannan, gwamnatin Turawa da kanta ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa addini ba, ta kuma hana 'yan mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Likita Miller ya sami zama a birnin Zariya a 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa a 1929. Shi da abokan aikinsa suka yi ta fama da juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, har aka buga shi cikakke a 1932. Littafi ya samu ke nan cikin harshenmu, amma ƙauyukan Kano suna nan a rufe.

Ƙofar da ta buɗu

Ta ina aka shigo, to? Ta wurin mutanen da kowa yake gudu. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ciwon kuturta ya yi yawa a ƙasar nan, hukuma kuwa ba ta da isassun ma'aikatan da za su kula da masu shi. A 1937 aka danƙa wa SIM kula da mazaunan masu kuturta na larduna uku. Na Kano shi ne wanda muka sani da Yadakunya, na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato kuma yana Amanawa. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, wanda har yau mutane suke zuwa daga nesa.

Ku dubi wannan al'amari da kyau, 'yan'uwa. Shekara 37 bayan an sallami masu wa'azi daga fada, sai aka kira masu wanke gyambo. A lokacin babu maganin zamani irin na yau, sai allurar wani mai wadda take da zafi, sai wanke miki da ɗaure shi kowace safiya. Ma'aikatan, Turawa da baƙaƙe, suka riƙa taɓa hannuwan da 'yan'uwan jini suka ƙi taɓawa. Waɗansu daga cikin majiyyatan suka koyi karatu, suka ji Maganar Allah, suka ba da gaskiya. Da suka warke suka koma ƙauyukansu, waɗansu kuma suka zama masu ba da magani a ƙananan wuraren shan magani na karkara. Daga nan tashoshin mishan suka kafu a wurare kamar Gani da Karaye da Roni da Kabo, aka kuma buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa.

Wannan shi ne asalinmu. Bishara ta fara shiga ƙasar Kano ta gonar ƙarshe, ta wurin waɗanda aka ajiye a bayan gari. Mutane sun ga hali tukuna, sa'an nan suka tambayi dalili. Duk ikilisiyar da ta manta da wannan ta manta da ƙofar da ta shigo.

Mabuɗi ya dawo hannunmu

A 1948 masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda daga baya aka sani da EMS. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA. A shekarar ce kuma gidan rediyon ELWA ya fara aiki a Laberiya, wanda iyayenmu suka riƙa kama shirye-shiryensa na Hausa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantu da asibitocin mishan da dama, a 1976 kuwa SIM ta miƙa wa ECWA ragamar aikinta a Nijeriya. Fasto Panya Baba ya shugabanci EMS daga 1970 zuwa 1988, a cikin shekarun nan ne kuma Maguzawa da yawa suka karɓi baftisma, kamar yadda da yawa daga cikin danginmu suka shiga Musulunci. Shi ya sa har yau za ka tarar da gida ɗaya, wa Kirista, ƙane Musulmi, suna gaisawa, suna zuwa jana'izar juna.

Masu bisharar da suka shigo ƙauyukanmu ba su zo da mota ba. Da yawansu mutanen kudancin Zariya ne da Filato da sauran wurare, suka zo da matansu da 'ya'yansu da fartanya. Suka roƙi gona, suka yi noma kamar kowa, suka sha ruwan rijiyar da muke sha. Da dare suka tara yara da manya a gindin fitila suna koya musu a, ba, ca. Kakanninmu manoma ne, ba a ruɗinsu da daɗin baki. Sai suka zuba ido su ga ko mutumin nan zai biya bashin da ya ci, ko zai doki matarsa, ko zai matsar da iyakar gona sa'ad da maƙwabci ya yi tafiya. Inda mai bishara ya ci wannan jarrabawa, ikilisiya ta kafu. Inda ya faɗi, har yau akwai wahalar wa'azi a wurin, domin hali zanen dutse ne.

Waɗanda suka tuba a lokacin sun biya tsada. Barin giya ya raba su da abokan zama. Ƙin yanka wa iskoki ya sa an ɗora musu laifin duk wani fari ko ciwo da ya faɗo wa gida. Waɗansu an cire su daga gandu, suka fara daga gayauna kaɗai. Amma a cikinsu aka zaɓi dattawan ikilisiya na farko, mutanen da ba su yi makaranta mai zurfi ba, sai dai in sun ce i, i ne.

Ruwan Tiga

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. A zamaninsa aka fara gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1971, aka gama a 1974, daidai lokacin da babban farin 1973 ya nuna wa kowa cewa damina kaɗai ba abin dogara ba ce. Tafkin Tiga yana iya riƙe ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan 2. Daga can ruwa yake gangarowa da kansa, ba da inji ba, ta babban kanal, ya rabu zuwa rassa, rassan su rabu zuwa ƙananan magudanai, har ya isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadejiya da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Kafin wannan, noman rani sai a fadama, da jigo da guga. Da kaka ta wuce, samari sukan tafi cin rani. Da ruwa ya zo sai ƙasa ta yi kore a tsakiyar bazara. Aka shuka alkama, musamman bayan gwamnati ta hana shigo da ita daga waje a 1987. Aka shuka tumatir da albasa da masara, shinkafa kuwa ta mai da Kura garin masu casa da injinan gyaranta. Kasuwar Kwanar Gafan ta cika da manyan motoci masu ɗaukar kwandunan tumatir zuwa kudu. Kuɗi suka shigo hannun mutanen da dā ba sa ganin kuɗi sai sun sayar da gyaɗa. Majami'unmu na jinka suka koma na kwano. Mun gode wa Allah domin wannan.

Amma ya kamata mu tuna da abu biyu. Na ɗaya, dubban mutane aka tayar daga gidajensu da gonakinsu da kaburburan iyayensu domin tafkin ya sami wurin kwanciya. Ruwan da muke sha a gona, wani ne ya yi hasararsa. Na biyu, kogin bai ƙare a kanmu ba. Yana wucewa Wudil, ya bi ta Hadejiya har fadamun Nguru. Tun da aka tare shi a Tiga, aka kuma ƙara tare Kogin Challawa a 1992, ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan can suka dogara gare ta ta canza, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A idon mutumin Hadejiya, mu duka masu gonar farko ne.

Gandu kuma ya yi rauni. Noman ban ruwa yana son kuɗin taki da iri da magani da 'yan ƙwadago tun kafin a ga amfani. Mai hali ya ƙara gona, marar hali ya ba da tasa haya ko jingina, ya koma yi wa wani aiki a gonar ubansa. Saurayi ya ga zai iya samun kuɗinsa shi kaɗai, ya daina jiran rumbun maigida. Tsohuwa da maraya, waɗanda dā gandu yake rufa wa asiri, suka zama ba su da mai ɗaukar nauyinsu. A nan ne tambaya ta zo ƙofar ikilisiya, ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

Jarrabawa a bakin kanal

Bari mu ba ku labarin abin da ya faru a wata ikilisiya da muka yi hidima. Ba za mu faɗi suna ko gari ba. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci a kanal, aka raba kwanaki, kowane layi da ranarsa. Wani dattijon ikilisiya yana da gona kusa da ƙofar ruwa. Mutum ne mai kyauta, shi ya sayi yawancin kwanon da aka rufa majami'a da shi. Da dare sai ya riƙa aiken yaransa su jera buhunan ƙasa a magudana, ruwa ya kwana a gonarsa. A ƙarshen layin akwai gonaki biyu, ta wata gwauruwa 'yar zumuntar mata, da ta wani maƙwabcinmu Musulmi mai albasa.

Gwauruwar ba ta ce kome ba, gama tana jin nauyin Baba. Maƙwabcin ne ya yi sallama a ƙofar gidanmu da asuba. Bayan mun gaisa ya ce, "Fasto, da na so da wurin mai unguwa na nufa. Amma na ce bari in fara zuwa wurinka, domin na san littafinku bai yarda da wannan ba." Ya faɗi haka ya tafi. Mun daɗe a zaune ba mu iya tashi ba, domin mutumin nan ya girmama Littafinmu fiye da yadda dattijonmu ya girmama shi.

Da dattawa suka zauna, magana ta yi nauyi. Waɗansu suka ce a rufa asiri, kada a ji a waje, kada kuma Baba ya yi fushi ya janye hannunsa daga ginin gidan fasto da aka fara. Ba za mu ɓoye muku ba, mu da za mu kwana a gidan nan mun ji wannan shawara ta yi mana daɗi a zuci. Sai wani tsoho cikin dattawan, wanda aka yi wa baftisma tun zamanin masu bishara na farko, ya ce a buɗe 1 Timoti sura 3 a karanta. A wurin Manzo Bulus ya jera halayen da ake nema ga mai kula da ikilisiya, a ciki har da kada ya zama mai son kuɗi, ya kuma kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba na ikilisiya ba. Tsohon ya ce, "Asirin da kuke so ku rufa, ai na waje ne ya kawo mana shi."

Aka kira Baba, aka faɗa masa cikin ladabi. Da fari ya husata. Bayan kwana biyu ya dawo da kansa ya amsa laifinsa. Aka sauke shi daga kujerar dattawa na wani lokaci, aka dakatar da shi daga Jibin Ubangiji. Ya tafi da ƙafarsa gidan maƙwabcin ya roƙi gafara, ya biya shi kuɗin irin da ya lalace, ya kuma ba gwauruwar ranar ruwansa har ƙarshen rani. Ginin gidan fasto ya tsaya shekara biyu. Amma bayan wannan, da aka zo zaɓen wanda zai riƙa lura da rabon ruwa a layin, Musulmi da Kirista suka ce Baba suke so, domin sun ga mutum ne da ake iya gaya wa gaskiya ya ji.

Irin wannan jarrabawa tana nan kowace rana, sai dai takan sauya riga. Tana cikin kwandon tumatir, sa'ad da aka jera manya masu kyau a sama, aka ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Mai saye na ƙarshe wata mace ce a Ikko wadda ba za mu taɓa gani ba, ita ce gonar ƙarshe a wannan ciniki. Tana cikin mudun da aka bubbuge gindinsa, da buhun shinkafar da aka yayyafa wa ruwa domin ya yi nauyi, abin da Karin Magana sura 11 ta kira abin ƙyama ga Ubangiji. Tana cikin ladan matan da suka yini a sunkuye suna dashe ko tsinkar tumatir, aka ce musu su dawo gobe, gobe kuma aka ce jibi, alhali Yakubu sura 5 ta yi gargaɗi mai zafi a kan riƙe hakkin ma'aikatan gona. Tana kuma cikin jingina. A 2016 tsutsar tumatir da ake kira tuta absoluta ta cinye gonaki a wannan yanki, mutane da yawa suka faɗa cikin bashi. A irin wannan shekara ake gane mai bi na gaskiya, ko zai jira ɗan'uwansa ya farfaɗo, ko kuwa zai ce dama ta samu ya haɗiye gonarsa. Nehemiya sura 5 ta nuna mana shugaban da ya tsawata wa manya a kan wannan, ya sa suka mayar da gonakin da suka riƙe.

Har ranar sujada ma ruwa ya gwada mu. In ranar ruwanka ta faɗo Lahadi, yaya za ka yi? Waɗansu sun bar sujada suka bi ruwa, waɗansu kuma suka bar shuka ta ƙone suna gunaguni. Amma a wurare da dama iyayenmu sun sami hanya mai kyau. Suka je wurin maƙwabtansu Musulmi suka yi musanya, kai ka sha ranar Lahadi, ni in sha ranar Jumma'a sa'ad da ka tafi masallaci. Wannan ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka amince da juna, amincewa kuwa ba a sayenta a kasuwa.

Shugaba da rabon ruwa

Yanzu mu koma ga karatunmu na farko. A Ayyukan Manzanni sura 6, ikilisiyar Urushalima tana ƙaruwa, sai gunaguni ya tashi. Masu bi da ke jin Helenanci suka ce ana manta da gwaurayensu a rabon abinci na kowace rana. Wato ruwa ba ya kai gonar ƙarshe. Manzanni ba su ce masu ƙara 'yan tawaye ne ba, ba su kuma ce maganar abinci ba ta ruhaniya ba ce. Suka tara jama'a, suka sa aka zaɓi mutum bakwai waɗanda ake shaidarsu, cike da Ruhu da hikima, aka danƙa musu rabon. In kun duba sunayen mutum bakwai ɗin, za ku ga sunayen Helenanci ne. Da alama an ba da mabuɗin rumbu ga ɓangaren da aka cuta. Bayan wannan ne aka ce Maganar Allah ta yi ta haɓaka.

Fasto da dattijo da shugabar zumuntar mata da ma'aji, dukanmu kamar kanal muke. Ruwan ba namu ba ne, daga sama aka tara shi, aikinmu mu kai shi inda aka aike shi. Kanal yakan lalace ta hanya biyu. Ko ya tsage ruwa ya tsiyaye a hanya, wato baiko da zakkar jama'a su riƙa ɓacewa ba lissafi. Ko kuwa laka da ciyawa su cika shi, wato son kai da son dangi da jin tsoron masu kuɗi su taru a hankali har ruwa ya daina wucewa. Manoma sun san ba a yashe kanal sau ɗaya a ce an gama. Tun da aka fara aikin gyaran da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an ƙara ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa. Waɗansu 'yan'uwanmu suna cikin shugabannin waɗannan ƙungiyoyi. Muna roƙonku ku sani cewa littafin kuɗin ƙungiya da littafin baikon ikilisiya, ido ɗaya ne yake duba su.

Saboda haka, sa'ad da lokacin zaɓen dattawa ya zo, kada mu tsaya ga wanda ya fi gona ko wanda ya fi murya a addu'a. Mu tambayi maƙwabcinsa na ƙarshen layi. Mu tambayi matan da suka yi masa dashe. Mu tambayi mai awon da yake sayen shinkafarsa. Sa'ad da kuma muka zauna lissafin shekara, bayan mun ƙidaya buhunan godiyar kaka da kwanon da aka saya, mu ƙidaya gwauraye da marayu da tsofaffin da ke cikinmu, mu kira sunayensu ɗaya ɗaya, mu tambaya ko wani abu ya isa gare su. Mu tuna da ƙananan ikilisiyoyi na cikin daji waɗanda mai bishararsu yakan yi watanni bai ga albashi ba, alhali majami'ar gari tana sauya kujeru.

Ubangijinmu da kansa, a daren da aka bashe shi, ya ɗauki ruwa a daro ya bi almajiransa ɗaya ɗaya yana wanke ƙafafunsu, bai tsallake ko ɗaya ba. Waɗanda suka wanke miki a Yadakunya daga wurinsa suka koya. Masu bisharar da suka zo mana da fartanya daga wurinsu suka gani. Yanzu mabuɗin ƙofar ruwa yana hannunmu, 'ya'yanmu kuwa da maƙwabtanmu suna kallo.

Bari mu yi addu'a.

Ya Allah Ubanmu, mai aiko da ruwan sama, mai cika koguna, mun gode maka domin waɗanda suka kawo mana Maganarka da wahala. Mun gode maka domin ruwan da yake ratsa gonakinmu da rani. Ka gafarta mana inda muka tare abin da ka aiko domin wani. Ka ba fastocinmu da dattawanmu zuciya mai tsoronka. Ka tuna da gwauraye da marayu da masu bashi. Ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ka albarkaci sarakunanmu da masu mulkinmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.